Ranar da Aka Ɗora Tafiretata a Sikeli

Tun ina saurayi nake buga tafireta a ofishinmu na Roni, har furfura ta cim mini. Rannan shugabanmu ya kira ni, ya ce an kawo kwamfuta, daga yanzu duk rahoto a jadawalinta na lissafi ake so.

"Baba, ko ka koya, ko ka ba wani kujerar."

Mutumin da na buga wa takardar kama aiki da hannuna! Na haɗiye, na ce, "To, Yallaɓai."

Duk Asabar sai in hau babur zuwa wani shagon koyon kwamfuta a Kazaure. Malamar 'yar kudancin Kaduna ce, Allah Ya yi mata haƙuri. Ta buɗe manhajar, sai ga gidaje reras kamar na dara. Ta ce kowane gida abu ɗaya ake sa masa, suna a nan, gari a can. Ni kuwa hannu ya riga ya saba. Sai in cusa komai a gida guda, in yi ta dukan dogon maɓallin tazara don layi ya daidaita, har teburi na rawa. 'Yan matan da ke gefena suna ƙunshe dariya.

"Baba, a hankali mana, ba sussuka ake ba," in ji malama.

Wallahi na ji zafi, amma ina zan kai iyali in kujera ta tafi? Na dage har na iya. Ranar da na sa alamar nan ta lissafi mai ma'anar "daidai da", na ja layin lambobi, jimla ta faɗo da kanta, sai da na yi kabbara a shagon.

Na koma ofis da satifiket, kaina a sama. Teburina wayam. Wai an kira 'yan gwangwan sun ɗora tafiretata a sikeli sun tafi da ita, tunda zamaninta ya wuce. Kwamfutar kuwa tana can a lulluɓe da ƙyalle. Babu wuta, janareta ya daɗe da mutuwa.

"Baba, tunda ka san yadda gidajen suke," in ji shugaban, ko kunya babu, "ka riƙa zana mana da hannu kafin a gyara."

Kujera dai na tsira da ita. Da rula da biro na yi ta zana gidajen nan, ina tara lambobi da ka, har na yi ritaya ban taɓa ganin an kunna kwamfutar ba.