Mai Rakiya ta Ɗakin Gilashi

Kafin kowa ya iso, ita ta iso. Takan buɗe tagogi, ta zuba wa furen da ke gefen firinta ruwa, ta daidaita kujerun da aka bari a karkace, sannan ta zauna a teburinta na ƙarshen layi ta maƙala abin amsa kira a kunne ɗaya. Ɗaya kunnen, in ji mutanen ofishinmu, namu ne.

Ban taɓa rubuta abin da mutane za su karanta ba, in na yi tuntuɓe a yi mini haƙuri. Amma matar nan ta bar aiki, kuma da yadda aka yi maganar tafiyarta ban yarda ba.

Kamfaninmu manhajar waya yake yi, wadda ake aika kaya da ita. Matar nan ita ce shugabar sashenmu, masu amsa koken jama'a. Tana nan tun kamfanin yana ɗaki ɗaya da waya ɗaya. Yanzu ya cinye bene, an kawo sabbin manajoji, an rubuta "Mu dangi ne" da manyan baƙaƙe a bango, an kuma gina ɗakin gilashi a tsakiyar ofis. Kana ganin na ciki, ba ka jin abin da suke faɗa. A gabanta Anti muke ce mata. A bayanta kuwa Mai Rakiya.

Ranar da na fara aiki Yayata, wadda ta samo mini gurbin, ta raɗa mini dalili.

"Duk wanda Manaja ya kira ɗakin can, sai ta tashi ta raka shi. Ki lura da bakinki in tana kusa."

"To rakiya laifi ce, Yaya?"

"Ya danganta da inda aka raka ki. Makabarta ma raka mutum ake yi."

Na ga abin da idona. Aka kira Dogo, wanda ke zaune bayanmu, mai ba kowa dariya. Anti ta ajiye abin kunnenta ta bi shi. Da suka fito, ita ce ke ɗauke da kwalin kayansa har ƙofa. Wata a layinmu ta ce, "Kun gani ko? Ita ta kai shi, ita ta kwashe shi." Babu wanda ya yi musu. Ni ma na yarda, don na karanta littattafai da yawa da irin wannan matar a ciki, mai murmushi da kunne a buɗe.

Akwai wani ɗigo a jikin sunan kowa a kwamfuta. In kana aiki kore ne, in ka tashi ya koma toka-toka. An ce mana ba don sa ido aka yi shi ba. Amma sai ka ga babban mutum ya tafi banɗaki yana sauri kamar an biyo shi. A wurin shan shayi in Anti ta shigo, hira takan koma ta zafin rana.

Yaya tana da jinjiri. Tana barinsa wurin wata dattijuwa a bayan layin ofis, da tsakar rana ta sulale ta shayar da shi ta dawo. Hutun da ake ba mu ba ya isa. Ni nake jan kujerata in riƙa motsa mata linzamin kwamfuta don kada ɗigonta ya mutu, hannu ɗaya a nata, ɗaya a nawa. Mijinta yana kwance tun hatsarin da ya yi, aikin nan shi ke riƙe da gidan. Wata rana na ɗaga kai, sai idona cikin na Anti. Ta dube ni, ta dubi kujerar Yaya, ta mayar da kanta kan aikinta.

Na gaya wa Yaya a hanya. Ta tsaya cak.

"Shi ke nan, ta gan mu. Ke ma da hannu kamar na mai kaɗa ganga, wa ba zai gan ki ba?"

Ba a jima ba saƙo ya shigo, amma ba Yaya aka kira ba. Ni aka kira. Na miƙe, sai na ji ƙarar kujera a ƙarshen layi. Wani ya ce a hankali, "Allah ya jiƙan rai." Yaya ta kasa ɗago kai.

Manaja ya tarbe ni da fara'a, har da tura mini ruwan roba. Kujeru biyu ne a gefensa, ɗaya a gefena. Anti ta ɗauko ɗaya daga nasa gefen, ta zagayo da ita ta ajiye kusa da ni, har kafaɗarta tana taɓa tawa.

"Ƙanwata, kwantar da hankalinki," in ji Manaja. "Nan gida ne. Na'ura ta nuna kwamfutar yayarki tana motsi da rana amma ba ta amsa ko kira ɗaya. Ke ce kusa da ita. Ina take zuwa?"

In na faɗa, na kori Yaya. In na yi ƙarya, mu biyu ne. Sai Anti ta ɗora tafinta a kan gwiwata.

"Ranka ya daɗe, ni za ka tambaya, ba yarinya ba. Da sanina take fita. Ɗanta take shayarwa."

"Da saninki? Kuma ba ki kawo mini rahoto ba?"

"Rahoton me? Cewa jinjiri yana jin yunwa? Ka duba kiran da take amsawa kafin ta tafi da bayan ta dawo, in akwai wanda ya fi ta a layin nan ka nuna mini. Ku kuka rubuta a bango mu dangi ne. To ga ɗan dangi can bayan layi yana kuka. Ko a goge rubutun, ko a ba uwarsa lokaci."

Manaja ya yi dariyar da ba ta kai ido ba. "Anti, kamfani ya girma. Ba kamar da ba ne."

"Na sani. Ina nan ya girma."

Muka fito. Yaya ba ta rasa aikinta ba. An ma ƙara wa masu shayarwa lokaci, a wata sanarwa da ta ce shugabanni ne suka yi wannan tunani.

Daga nan na fara tambaya. Na samu Dogo a shagon gyaran waya inda yake aiki yanzu. Ya ce, "Anti? Ai ba don ita ba da ta saƙon waya za a kore ni. Ita ta tilasta wa Manaja ya faɗi laifina a gaban idona, ta yi ta musu har muryarta ta dishe. Wanda ya ɗauke ni a nan ma ita ta kira." Mai gadi ya ce kwalin da take ɗauka, don kada a sa shi ya tasa ƙeyar mutum gaba kamar ɓarawo ne. Wata a layinmu kuma, ita ɗin da ta ce "kun gani ko", ta sunkuyar da kai ta ce ita ma an taɓa raka ta, ta fito da aikinta, kunya ta hana ta faɗa. Waɗanda suka tafi muke ƙirgawa, ba mu taɓa duba waɗanda suka dawo suka zauna ba.

Anti, ke ce kika ji ana canza hira in kin shigo, kika zuba shayinki kika gaishe mu. Ke ce kika san sunan da muke kiran ki, ba ki fasa tashi ba. Garkuwar marasa galihu, ke ce kika mayar da kujera gefen wanda ba shi da kowa.

Bayan wata biyu aka sanar cewa Anti ta nemi ajiye aiki da kanta. Wataƙila haka ne. Ni dai na ga an kira ta ɗakin gilashi kafin sanarwar, na ga ta shiga ita kaɗai, na ga kujerar gefenta babu kowa. Na tambaye ta, ta ce, "'Yata, gwiwa ce ta gaji." Ban yarda ba, kuma ta san ban yarda ba.

Ranar tafiyarta ta haɗa kwalinta, ta sa furen a sama, ta nufi ƙofa. Manaja yana tsaye a bayan gilashi yana kallo. Kowa ya ƙura wa allon kwamfutarsa ido. Sai Yaya ta cire abin kunnenta, ta je ta karɓi kwalin. Na bi ta. Na ji kujeru suna ƙara a bayana, ɗaya bayan ɗaya. Anti ta waiwayo ta gan mu a jere har matakala.

"Kai, ku koma! Ɗigonku zai mutu."

"Ya mutu, Anti," in ji Yaya.

Mun gode, Anti. Allah ya saka miki, ya ba ki mai tashi dominki a duk inda kika shiga. Ku kuma masu karatu, kowane wurin aiki yana da ɗakin gilashinsa. In an kira na kusa da ku, kada ku ƙura wa allo ido. Ku tashi ku raka shi, ku ja kujera ku zauna a gefensa.