Malamin Dajin da Ya Mayar da Gatura

Haihuwa da Karatu

An haifi marigayin, wanda kowa ya sani da Malamin Daji, a shekarar 1951, a wani ƙaramin gari da ke gindin dutse. Mahaifinsa maƙeri ne, mahaifiyarsa kuwa ungozoma. Ya shiga firamare a 1959, ya kammala makarantar aikin gandun daji a 1973 da kyakkyawar shaida.

Aiki da Iyali

A 1974 aka tura shi wata gunduma mai ƙauyuka tara, a nan kuma ya auri wata malamar asibitin gundumar a 1977. Dokar lokacin ta tanadi cewa duk bishiyar da ta kai tsayin mutum mallakar hukuma ce, ko da a gonar wani ta tsiro. Ya riƙe dokar nan ba sani ba sabo, ya yi ta ƙwace gatura har ɗakin ajiyar ofishinsa ya cika maƙil. Amma ina! Itatuwa sai raguwa suke, ruwa na kwashe ƙasar gonaki, magidanta na tattara iyali suna ƙaura.

A daminar 1985 wata tsohuwa ta tare shi a gonarta ta ce: "Ɗan nan, kai kake kashe dajin. Wa zai bar tsiro ya girma ya zama naku? Tun yana ƙarami muke fille shi da fartanya." Maganar ta yi masa zafi ƙwarai, domin gaskiya ce.

Yarjejeniya

Shekara uku ya yi yana kai-komo tsakanin manyansa da wakilan ƙauyukan, har sau biyu ana barazanar sallamarsa. A 1988 aka ƙulla yarjejeniyar shekara talatin: bishiyar gona ta mai gona ce, dajin gari kuwa kwamitin mazauna ne zai kula da shi, hukuma ta bayar da iri da shawara. Ranar sa hannu ya buɗe ɗakin ajiya, ya miƙa wa kowa gatarinsa yana neman gafara. Kafin ya yi ritaya a 2009, ƙaura ta tsaya cak.

Shekarun Ƙarshe da Rasuwa

Da wa'adi ya cika a 2018, sababbin jami'ai suka nemi dawo da tsohuwar doka. Yana fama da jinya, sai da aka tallafe shi zuwa zauren taro, inda ya ce: "Na gwada hanyarku shekara goma sha ɗaya, ni ne shaidar ɓarnarta." Aka sabunta yarjejeniyar ba tare da wa'adi ba.

Bayan kwana tara Allah ya yi masa rasuwa, aka yi jana'izarsa da la'asar a maƙabartar gari, mutanen ƙauyukan tara suka cika sahu. Ya bar matarsa da 'ya'ya huɗu: babbansu direba, mai bi masa tela, ta uku malamar makaranta, sai auta, manomiya, wadda ta sa hannu a sabuwar takardar a madadin ƙauyukan. Allah ya jiƙansa da rahama.