Bencin Yaya Garba da 'Yan Gaban da Aka Ce Ya Sayar

Shekara goma ke nan cif da muka binne yayana Garba a bayan madafar gidanmu, a nan unguwar Kilomita Biyar. A tsakar gida muka sa shi, don a wancan lokacin hanyar makabarta a toshe take, wanda ya fita da gawa ba shi da tabbacin ba za a dawo da gawa biyu ba. Duk shekara idan watan rasuwarsa ya kama, waina nake toyawa in raba sadaka, in yi masa addu'a, in ja bakina. Bana na kasa yin shirun, kuma ƙwallon ƙafa ce ta ja.

Wanda bai san Yaya ba, shi ne ake kira Pirezidan. Ba shugaban ƙasa ba ne, ba ma mai unguwa ba. Shugaban magoya bayan wata ƙungiyar ƙwallo ce ta babban rukuni a nan Bangi. Ba zan faɗi sunanta ba, masu ita sun san kansu. Buhunan albasa yake sayarwa a Titin Koudoukou, amma rabin ransa yana filin wasa. Benci huɗu ne a ƙofar gidanmu, kowane magoyin baya da wurin zamansa, kuma ba a zauna wa mutum wuri ko yana tafiya. Bayan la'asar sai a dafa shayi, a kunna rediyo, a yi ta musu da Hausa da Sango da Faransanci har a kira magariba. Ni ban taɓa taka filin ƙwallo ba. Amma tagar madafata tana kallon bencinan nan, har na san wanda ya iya buga kai da wanda ƙafarsa ta hagu ta ado ce kawai.

Abin alfaharinsu shi ne 'yan gaba uku, duk 'ya'yan unguwar Yakité: Isiyaku, Mamuda, da Serge, wanda uwarsa mai zuwa coci ce. Tare suka tashi, tare suke cin tuwona. Idan suka ci wasa, har ƙofar gida ake kawo su a kafaɗa.

Sai rikici ya zo. Unguwa ta koma kurkuku, masu adduna a waje, masu bindiga a ciki. An daina buga ƙwallo ɗungurungum. Saurayi mai ƙarfi a jiki ba shi da kwanciyar hankali: na ciki suna so su ɗora masa bindiga, na waje suna so su ga bayansa. Isiyaku da Mamuda an fara yi musu sallama a gida ana cewa unguwa na bukatar maza. Serge kuwa ba ya da wurin zuwa. A ciki ana ce masa ɗan leƙen asiri, a waje ana ce masa yaron Musulmi.

A cikin wannan hali rediyo ta ce ƙungiya ta yi musaya: ta ba wata ƙungiya a Garwa, can Kamaru, 'yan gabanta uku, za a ba ta mai tsaron gida da 'yan baya biyu. Jama'a, a makon nan an haƙa kabari a tsakar gidan maƙwabtanmu, amma ban ji ihun da na ji a kan musayar nan ba. Maza masu gemu, waɗanda ba su san abin da iyalinsu za su ci gobe ba, suka cika ƙofar gidanmu suna kumfar baki. Wanda ya fi kowa ɗaga murya shi ne Ɗan'azumi mai canji, aminin Yaya tun suna yara.

"Pirezidan, gaba ɗungum! Wa ke ba da zuma ya karɓi maɗi? An gan ka ka rako yaran bakin unguwa har motar kocin ƙungiya. Faɗa mana, nawa aka ba ka?"

Yaya ya kurɓi shayinsa ya ce, "Ɗan'azumi, na yarda da musayar. Iyakar abin da zan ce ke nan."

"To ka zauna da bencinka, dillalin 'ya'yan mutane!"

Ya tofa yawu kusa da takalmin Yaya. A ranar suka ɗauke benci uku, suka kai bakin shagon canji. Suka bar ɗaya, wanda Yaya ke zama a kai. Har rigunan yaran suka ƙona a tsakiyar titi, a lokacin da kananzir ya fi turare tsada.

Abin da ba su sani ba, ni na ji shi da kunnena ina tankaɗen gari. Kocin ƙungiyar Kirista ne, yana zaune can wajen unguwa, cikin masu addunan. Shi da Yaya suka ƙulla abin ta waya. Ba wata hanyar fitar da yaran da rai sai a matsayin 'yan wasan da aka sayar. Koci ya sa musu rigunan ƙungiya, ya ɗauke su a motarsa da rana tsaka. Masu tsaron shingaye su ma magoya baya ne. Suka zagi yaran, suka ce maciya amana ne masu bin kuɗi, suka ɗaga musu itace suka wuce. Zagin ne ya cece su. Da an ji cewa taimako ne ba ciniki ba, da kocin nan da matarsa da 'ya'yansa ba su kai gobe ba. Shi ya sa Yaya ya haɗiye maganar. Na ce masa, "Yaya, ko Ɗan'azumi kaɗai ka gaya wa." Ya ce, "Auta, wanda ya gaya wa Ɗan'azumi ya gaya wa rediyo. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba."

'Yan bayan da aka yi alkawari ba su taɓa zuwa ba, wa zai zo Bangi a lokacin? Wannan ya ƙara musu hujja. A Masallacin Koudoukou mutum zai ba Yaya hannu yana kallon gefe. Albasarsa ta ruɓe a buhu. Duk la'asar yana fita ya dafa shayin mutum goma, ya zauna shi kaɗai, in ya huce ya shigo mini da shi. Yana da ciwon suga, magani kuma ya yanke a unguwa, kuma na san abin da likita zai ce ke nan. Ni dai na ga abin da ke cin sa tun kafin ciwon ya kwantar da shi. Da ya cika, makarar masallaci tana wani gida, sai muka ɗora shi a bencin nan nasa muka kai shi bayan madafa. Cikin waɗanda suka sha shayinsa shekara da shekaru, biyu ne suka zo.

To me ya tayar da maganar yanzu? A watan jiya ƙungiyar nan ta sake musayar 'yan gabanta, har da wani yaro ɗan Yakité. Wannan karon ba wani ɓoyayyen dalili, ciniki ne na ƙwallo, yaro ya samu inda za a riƙe shi da kyau ya tafi. Sai ga tsohuwar cutar ta tashi, hali zanen dutse. Da a benci ake zagi, magariba ta yi a watse. Yanzu a waya ake yi, ba ta da magariba. Jikokina suna karanta mini abin da ake rubutawa da Sango, har na ce su bari. An zagi yaron, an zagi uwarsa, mai sayar da soyayyar ayaba a bakin titi, an kifar mata da kasko.

Sannan Ɗan'azumi ya yi sallama a gidana, gemu ya yi fari fat, yana dogara sanda.

"Auta, ki ba mu hoton marigayi. Za mu buga shi a ƙyalle mu je har ƙofar uwar yaron nan. Wallahi da Pirezidan yana raye, da ba a yi mana wannan cin mutuncin ba!"

Na dube shi na ga ba wasa yake ba. Ya manta. Yawun da ya tofa ya bushe a ƙasa, ya bushe a ransa. Wannan ya fi zagin ƙona mini rai: mutumin da suka kashe da shiru, yanzu suna so su ɗauki fuskarsa su je su tsorata mace mai kasko. Na ce, "Yaya Ɗan'azumi, bencinmu uku har yau suna bakin shagonka. Ka fara dawo da su tukuna." Ya juya ya tafi.

Ina tambayar kaina me Yaya zai ce da ya ga wannan zamani. Ba na jin zai yi mamaki. Ya san son ƙwallo irin na mutanenmu: riga suke so, ba yaron da ke cikinta ba. Ina jin zai dafa shayinsa ne, ya aika a kira uwar yaron. Abin da na yi ke nan. Kwana uku ta yi a gidana har ƙura ta lafa, a kan bencinsa take zama tana feraye ayaba, kusa da inda yake kwance.

Kocin ya rasu bara, iyalinsa sun bar ƙasar, shi ya sa bakina ya buɗe. Ba kofi Yaya ya bari ba, ba shago ba. Cikin yaran uku ba wanda ya yi suna a ƙwallo. Mamuda direba ne, Serge yana gyaran babura, Isiyaku yana sayar da taya a Garwa. Dukansu suna da rai, suna da 'ya'ya, kuma ɗan Isiyaku na fari sunansa Garba. Allah Ya jiƙan Yaya, Ya sa ya huta. Hotonsa yana ɗakina, ba zai hau ƙyallen kowa ba. Wanda ke son ganinsa ya zo bayan madafa, ya tuɓe takalminsa, ya zauna a bencin da suka bar masa.