Yatsu Huɗun Kawu

Jiya a Kudai, nan Makka, na ji tayar wata mota tana gugar bodi, sai marigayi Kawu ya faɗo mini a rai.

Wata shekara, ana gab da aikin Hajji, na sa wa tsohuwar a-kori-kurata manyan tayoyi, da sifirin da ya ɗaga ta kaɗan.

Kawu ya ce, "Ɗana, ba a auna mota babu kaya. Loda jarkokin ruwanka tukuna."

Muka loda. Ya zura hannunsa mai warin baƙin mai tsakanin taya da bodi, yatsa ɗaya ya shiga da ƙyar.

"Sai huɗu sun shige."

Na sauya sifirin da mafi tsayi. Har yau tana kai wa alhazai ruwa Muzdalifa, ba ta taɓa guga ba.

Allah ya yalwata kabarinka, Kawu, kada komai ya matse ka.