Ranar da Yaya Rakiya ta ƙi kwanciya a gadon tiyata

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata Rakiya, mai sayar da albasa a kasuwar Malanville, garinmu na bakin iyaka. Har yau in aka ambace ta, sai wani ya ce, "Allah ya jiƙanta, amma akwai taurin kai." Na gaji da yin shiru a kan wannan "amma". Yau zan ba ta amsa.

Ciwonta ya daɗe yana yi mana wasan ɓuya. Tana zaune cikin buhuna sai zafi ya taso mata daga ƙirji zuwa fuska, idanu su yi ja, zuciya ta kama dukan uku-uku, numfashi yana fita da ƙyar. Ga gudawa wadda ba ta jin magani. Mata suka ce girma ne ya zo, mu maza muka ce fushi ne, don dama ba ta da sanyin baki. Sai a Kwatano aka gano wani ƙari a hanjinta, wanda ke zuba wasu sinadarai cikin jini. Karsinoyid suka kira shi. Likitan can ya rubuta komai a karnenta, ɗan littafin nan da kowane majinyaci ke riƙewa, ya ja mata kunne: duk ranar da za a sa ta barci don tiyata, ko ta mece ce, sai an fara yi mata wata allura, an kuma duba zuciyarta. In ba haka ba, ƙarin zai iya amayar da abin da ke cikinsa gaba ɗaya, jini ya faɗi, ta tafi a kan gadon.

Yaya ba ta yi boko ba, amma ta haddace sunan allurar kamar sunan ɗanta: oktiriyotid.

Bayan shekara biyu hanji ya turo mata ta cibiya, saboda ɗaga buhu da ta ƙi bari. Aka sa ranar aiki a wani asibiti da ke kudu da mu. Ni na raka ta, kuma ni na bar karnen a gida da gangan. A wajenmu, nuna wa likita takardar wani likita kamar ka ce masa bai iya aikinsa ba ne. Kowane asibiti sai mu sayi sabon karne, mu shiga kamar yau aka haife mu. Na ce a raina aikin cibiya ne kawai, me zai sa mu kunyata mutum a ofishinsa?

Da safe aka turo gado, aka ce ta hau. Ta dube ni.

"Sani, ina karnen Kwatano?"

Na ce ta yi haƙuri, ta rufa mana asiri, an riga an shirya komai.

"Asirin wa? Ba ni kwanciya. Tahi ka ɗauko shi, ko da ƙasa za ka taka. Cikin nan nawa na, ba na lokotoro ba."

Ta zauna daram a bakin gadon, ta aika a kira mata lokotoron, wato likitan da ke sa barci, ta faɗa masa sunan allurar har sau uku. Ni kuwa ji nake kamar in nutse don kunya. Mutumin bai ji haushi ba ko kaɗan. Ya dakatar da aikin nan take, ya juyo ya tambaye ni ko na san abin da na kusa yi. Na bi motar kasuwa na koma Malanville na ɗauko littafin. Sai da aka nemo allurar, aka duba zuciya, aka tanadi abin da za a yi in jininta ya faɗi, sannan ta kwanta da kanta. Ta tashi lafiya, kuma abin da ta fara tambaya shi ne wa ke gadin albasarta.

Shekara shida ta ƙara bayan nan. Ta rage yaji da cika ciki, tana karɓar allurarta, tana faɗa da dillalan Gaya na tsallaken kogi kamar da. Ciwon ne dai ya kai ta a ƙarshe, a ɗakinta, bayan ta yi sallama da kowa.

Da za ta leƙo yau, ta ga kowa da waya a hannu, ana ɗaukar hoton takardar asibiti a tura har Kwatano, na san za ta yi murna. Amma da ta ga mutum ya isa gaban likita ya sunkuyar da kai ya ce ba shi da wani ciwo, alhali yana da shi, da ta tara masa jama'a. Waya ta zo, kunyar tana nan.

Ba ta mutu ta bar gida ba, rumfarta ma wani ke ciki. Abin da ta bari shi ne ni, mutumin da yanzu ake cewa ba shi da ta-ido, don duk wanda na raka asibiti sai na juye tsofaffin takardunsa a kan tebur. Ku kira shi taurin kai in kuna so, ina kewarsa kullum. Da ta ji kunyar da na roƙe ta ta ji a safiyar nan, da ni ne na kai ta kabari da hannuna, ina ganin ladabi na yi.