Shafin da Sabo Ya Bari a Buɗe

Ni ɗan Ƙofar Ran ne. Kafin a san ni da damfara, ɗan shagon intanet nake da shi a Gwallaga. Ni na koya wa abokina Sabo kwamfuta, tun bai san inda ake kunna ta ba. Sai ga shi an ɗauke shi aiki a wata ma'aikata, an damƙa masa kundin bayanan ma'aikata: suna, lambar waya, matakin kowa. Ni kuwa ina nan ina buga wa mutane katin ɗaurin aure. Ranar da ya zo da katin aiki rataye a wuya, na taya shi murna da baki kawai, ban da zuci. Hassada ce, ba wani abu ba.

In aka ɗauke wuta a ofishinsu, shagona yake zuwa, ya buɗe shafin ma'aikatar da lambar sirrinsa. Wata rana aka kira la'asar yana tsakar aiki. Ya ce in kula masa da shafin, ya tashi zuwa masallaci bai rufe ba. Na ce ya je, ina tafe.

Ban je ba. Na zauna na kwafe kundin kaf. Daga nan na riƙa kiran ma'aikata, in faɗa wa mutum cikakken sunansa da matakinsa, in ce tantancewa ake, ya karanto mini lambobin katin bankinsa. Wanda ya ji an san matakinsa ba ya gardama.

Da ƙorafi ya yi yawa, bincike ya nuna da lambar Sabo aka kwashi bayanan. Aka kore shi, aka tsare shi. Wallahi daɗi na fara ji. Mahaifiyarsa, wadda na sha cin tuwonta, ta zo har shago ta ce, "Ɗana, kai ka san kwamfuta, ka taimaki ɗan'uwanka." Na ce to, Mama.

Daga baya aka gano a shagona aka yi aikin, aka saki Sabo, ni na tafi gidan yari.

Bayan an sake ni, na tari keke Napep a Ƙofar Wambai, sai na ga Sabo ke tuƙi. Ba a mayar da shi aiki ba, an ce sakacinsa ne. Na roƙe shi gafara. Bai waiwayo ba, ya ce, "Na yafe tun tuni. Ka san a sallar la'asar ɗin nan da na bar maka shafin, roƙon Allah nake ya ba ka aiki a wurinmu?"

Na tuba, amma tubata ba ta mayar masa da kujerarsa ba. Ku matasa, in ɗan'uwanku ya samu kuka ji zafi a ƙirji, ku tashi ku bi shi masallaci. Ni zama na yi.