Takalmin da Na Saya wa Auta

Shekara goma sha takwas ƙanena yana kiɗa a zauren biki guda, kuma a shida na ƙarshe ba abin da na tsana a duniya kamar ƙafarsa ta hagu.

Auta muke ce masa a gida, ko da yake yanzu furfura ta fara leƙowa a gemunsa. Ni ce babba a gidanmu, ni na yi masa wanka, ni na raka shi makaranta, saboda haka ba na jin nauyin faɗa masa magana. Aikinsa dije, wato shi ne mai sa waƙoƙi a wurin taro. Ni tela ce, amma na sha kai kayan amare zauren nan, na ga yadda abin yake. Waƙa ɗaya tana tashi a lasifika, mutane na rawa. Shi kuma yana sauraron mai zuwa a abin kunne, yana matsa wani ɗan ƙarfe sama ko ƙasa, yana ɗan tura faifai da yatsa, har bugun gangar biyun ya faɗi tare. Sai ya saki sabuwar, ba wanda zai ji inda tsohuwar ta ƙare. In dije ya kuskure, sai ka ji kamar tukwane sun zubo daga kan kanta, masu rawa su tsaya suna harararsa.

Auta ba ya kuskurewa. Abokan sana'arsa sun ce a sakan shida yake haɗa waƙa biyu, wasu kuwa sai su yi rabin minti suna gumi. Mai hoton zauren ya taɓa ce mini in Auta na kiɗa, ko tsohuwa mai ciwon gwiwa ba ta samun gurbin da za ta zauna.

Amma fa ƙafar nan. Da zarar ya hau dandamalin katako, sai ya tuɓe takalmin hagu, ya cire safa ya cusa a aljihu, ya kafa tafin ƙafarsa a ƙasa. Ƙafa kuwa ba ta nunawa ba ce: kaushi, faso a dunduniya, farcen babban yatsa ya yi baƙi ya lanƙwashe. Ga mutane sun ci ado, ga ƙanshin turare, ga teburin abinci taku uku daga wurin. Wata rana na ji wata mata tana tambayar ƙawarta ko mahaukaci aka ɗauko. Na sunkuyar da kai kamar ba jinina ba. Duk sanda na yi masa faɗa sai ya yi dariya ya ce ƙafar ce take son shan iska.

Bana aka sayar da zauren. Sabon manaja irin mutanen nan ne masu yawo da waya biyu da tsinken sakace a baki. Ya ce dije biyu sun yi yawa, ɗaya zai riƙe, tsakanin Auta da wani mai gilashi da ya zo bara. Wai ya karanta a waya cewa ana gane gwani da saurin haɗa kiɗa, don haka zai gwada su da agogo, wanda ya fi sauri shi ke da aiki. Shekara goma sha takwas za a auna da agogon waya, a hannun mutumin da ko tafi bai iya yi daidai da kiɗa ba. Abin ya ba ni ƙyama, amma na san 'ya'yan Auta uku da wannan aikin suke ci.

Sai na yi abin da na ɗauka taimako ne. Na shiga kasuwa na sayo masa takalmi sau-ciki, baƙi, mai kaurin ƙasa kamar tayar mota. Na kai masa gida, na ce manajan nan mai kallon tsafta ne, in ya ga ƙafar nan ko agogo ba zai duba ba. Auta ya fara kame-kame, na katse shi. Na tuna masa wadda ta yi masa wanka.

"Ka yi mini alkawari ba za ka cire ba," na ce.

Ya daɗe yana juya takalmin a hannunsa. "To, Yaya. Na yi."

Ranar gwajin da la'asar ce, zaure fayau, kujeru a kife kan tebura, mai shara na jan tsumma. Manaja ya zauna a gaba yana sakace. Mai gilashi ya fara, ya haɗa nasa a sakan goma sha ɗaya. Na saki ajiyar zuciya, don na san Auta ko da zazzaɓi ya fi haka.

Auta ya hau da sabon takalminsa yana ƙyalli. Waƙa ta tashi, ya sa abin kunne a kunnen dama, manaja ya danna agogo. Na ga yana danna ƙafar hagu a katako, yana murza ta kamar mai kashe kyankyaso. Ya tura faifai, ya dawo da shi. Sakan goma ya wuce, ashirin ya wuce. Ya kalli takalmin, ya ɗago ya kalle ni, bai sunkuya ba. A sakan arba'in ya saki waƙar, tukwane suka zubo. Mai shara ma sai da ta tsaya. Manaja ya tofar da guntun tsinke a ƙasan da aka goge yanzu, ya ce an gama.

A bakin ƙofa na tsaya ta hagunsa ina ta masifa, ina tambayarsa abin da ya same shi. Ko waiwayowa bai yi ba. Sai da na ja hannun rigarsa ya juyo mini da ɗaya gefen.

"Yaya, ki dawo ta nan. Wancan kunnen ya mutu shekara shida ke nan, ƙarar lasifika ta cinye shi."

Ya ce dije da kunne biyu yake aiki, ɗaya a sabuwar waƙa, ɗaya a wadda ke tashi. Da na hagu ya tafi, sai ya koyi jin gangar zauren ta katako, da tafin ƙafa. Bai gaya wa kowa ba, har matarsa, don ba mai ɗaukar dije kurma. Na ce to me ya hana shi tuɓewa da ya ga abin ya ƙi? Ya ce ai ya yi mini alkawari.

Washegari na je wurin manaja na roƙe shi ya sake gwaji. Ya nuna mini fuskar wayarsa, goma sha ɗaya da arba'in, ya ce lamba ba ta da ƙane. Na fito ina ƙyamarsa, kuma ba shi kaɗai nake ƙyama ba.

Yanzu Auta yana taya wani mai gyaran lasifika naɗa waya a shago. Duk ƙarshen mako yana zuwa gaishe ni, ya zauna kusa da keken ɗinkina, ya ba ni kunnen dama. Kuma kullum da takalmin nan yake zuwa, a goge tas, wai don ni na saya masa.